Allurai Ashirin, Maɓallai Biyar

Saura kwana ashirin in bar ƙasar aka turo mini ita. Shekara guda cur ina rubuta wa ofishin mishan cewa a aiko wadda za ta gaje ni da wuri, ko da wata uku ne, ta ɗan kama yaren mutanen ta san hanyoyi. Sai da na fara ɗaure kaya suka tuna da ni.

Ranar Litinin na je filin jirgi ɗaukarta. Ban sha wahalar gane ta ba, don ita kaɗai ce ke yi wa kowa murmushi, har da mai shara. Shekarunta ashirin da uku. Akwati biyu ta zo da su, ɗaya na tufafi, ɗaya cike da 'yan takardun bishara da aka buga da yarenmu na gida, wanda a duk garin mu biyu ne kawai muke ji.

"Yaya, ba za su yi amfani ba?" in ji ta, da ta ga irin kallon da nake yi wa akwatin.

"Za su yi mana," na ce. "Ƙafar teburinmu ɗaya gajera ce."

Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi fushi ba. Tun daga ranar nan, Fasto da matarsa da sauran 'yan majami'armu, mu goma sha huɗu in kowa ya zo, suke kiranta Sabuwa. Ni ma haka aka kira ni shekara shida da suka wuce, kafin in zama Doguwa.

Gidan mishan ɗaki biyu ne a saman shagon wani mai gyaran takalma. Na nuna mata abin da ya kamata ta sani. Ƙofa sai an tallafe ta da gwiwa kafin makulli ya juya. Famfon kicin yana tari sau biyu kafin ya kawo ruwa, kada ta tsorata. Gadon da ke gefen taga ya lotsa a tsakiya, kuma shi ne nata. Komai na faɗa sai ta rubuta a wani ɗan littafi mai koren bango, har da tarin famfo.

Talata da Laraba muka yi ta bin gidaje muna ƙwanƙwasa ƙofa. Na koya mata gaisuwa da yaren ƙasar, da yadda ake cewa daga majami'a muke. Ƙofa arba'in da ɗaya, ita ta ƙirga, ni na daina ƙirga tun shekarata ta biyu. Uku suka buɗe. Wani ya ɗauka masu duba mitar lantarki ne, ya kai mu har gindin mita kafin ya gane, ya rako mu waje. Wata mata ta karɓi takarda ta goge hannunta da ita. A gida na uku kare ne ya saurari gaisuwar Sabuwa har ƙarshe.

Da yammar Laraba muna cin abinci ta ajiye cokali ta ce, "Yaya, a shekara shidan nan, mutum nawa?"

"Ki ci abincinki," na ce. "Gobe Alhamis, akwai hawan bene."

Kaka tana zaune a hawa na huɗu na wani tsohon gini a bayan tashar bas. Ba kakar kowa ba ce a cikinmu, ni na raɗa mata sunan kuma ba ta hana ba. Mai ɗinki ce, shekara hamsin tana yi. Keken ɗinkinta yana nan a lulluɓe da tsohon labule, don ƙafa ta daina taka shi, amma har yanzu 'yan unguwa suna kawo mata ɗinkin hannu, faci ko kalmasa bakin siket. Hannunta bai manta komai ba. Ido ne ya ƙi, ba ta ganin kafar allura. Tana da ɗa guda a wata ƙasa, hotonsa yana kan bango, muryarsa kuwa ban taɓa jin ta a waya ba.

Ranar da na fara ƙwanƙwasa ƙofarta, ta buɗe ne da allura a baki da zare a hannu, ranta a ɓace. Ina cikin gaisuwa ta miƙo mini su ta ce, "Zura." Na zura. Ta shiga ta kawo wata. Daga nan abin ya zama doka. Kowace Alhamis da ƙarfe goma ina zura mata allurai ashirin, goma baƙin zare, shida fari, huɗu duk launin da ta zaɓa, in soke su a jere a jikin wani ɗan matashi da ta ɗinka da tsumma. Su za ta yi ta amfani da su har mako ya zagayo. Ita kuma ta dafa shayi.

Ba ta taɓa zuwa majami'a ba. Ba ta taɓa yarda mu yi addu'a a ɗakinta ba. Maƙwabciyar da ta kawo mata abinci da sunan taimako, a bakin ƙofa ta mayar da ita da kwanonta, kuma har yau ba sa magana. Kaka ba ta karɓar tausayi, ko na miskala. A wurinta ita ce ke yi mini alfarma, tana ba ni aikin yi tun da na rasa na kirki.

Shekara biyu da suka wuce, wata Alhamis na ƙwanƙwasa ba a buɗe ba. Na kira mai gadin ginin muka ɓalle ƙofa. Mun same ta a ƙasan banɗaki, tun ranar Talata take kwance a wurin, ƙugu ya goce. Masu kawo ɗinki in sun buga ba a amsa ba, juyawa suke yi. A duk faɗin garin nan, mutum ɗaya ne zai ɓalle ƙofar nan in an yi shiru, kuma saura kwana goma sha shida mutumin ya hau jirgi. Wannan ne abin da nake son Sabuwa ta gada, ba takardu ba.

To, amma ban faɗa mata haka ba. Laifina ne, na sani. Na ɗauka mai ido zai gani.

Muka hau, tana haki a bayana. Kaka ta zare sarƙar ƙofa, ta ƙare mata kallo daga sama har ƙasa, ta kama bakin hannun rigarta ta juya don ta ga ɗinkin ciki.

"Wannan ce za ta maye gurbinki?" ta tambaye ni.

"Ita ce, Kaka."

"Haƙora sun yi mata yawa. Ku shigo."

"Me ta ce?" in ji Sabuwa.

"Ta ce kina da fara'a."

Na zauna a kujerata ta gefen taga na fara zura zare. Sabuwa ta zauna a kan akwatin tsummoki tana kallo. Ta kalli yadda Kaka ke lalubar kofi da yatsu kafin ta zuba ruwa. Ta kalli matashin allurai. Na ga leɓenta yana motsi tana ƙirga su. Da muka sauko ta ce, "Shekara shida kina wannan? Kuma ba ta taɓa cewa a karanta mata ko aya ɗaya ba?"

"Ba ta taɓa ba."

"To in allurai sun ƙare mata ranar Litinin fa?"

"Sai ta jira Alhamis."

Ta buɗe koren littafinta ta yi rubutu. Da na san abin da ta rubuta, da a nan kan matakala na ƙwace biron.

Makon ya wuce kamar yadda makon farko ke wucewa ga kowa. Ta ɓata a bas sau biyu. Cikinta ya ƙi ruwan garin kwana uku. Ranar Lahadi Fasto ya sa ta gaida jama'a, ta faɗi jimla huɗun da ta haddace, aka tafa mata. Na ji ta tana kuka a banɗaki bayan ta yi waya da mahaifiyarta, ta buɗe famfo don kada in ji, famfon kuma ya tsaya tari. Ni ma a wannan banɗakin na yi nawa.

Ranar Talata ta ce za ta fita ita kaɗai ta gwada hanyar kasuwa. Har na yaba mata.

Alhamis ta biyu, na zura allura ta bakwai ke nan, sai na ga Sabuwa ta miƙe ta ciro wani ɗan ƙunshi daga jakarta, an naɗe shi da takarda mai kyau har da ƙulli. Ta durƙusa a gaban Kaka ta miƙa da hannu biyu. Kaka ta kwance. Wani ɗan faifan ƙarfe ne mai siririyar waya a baki, irin wanda ake cusa wayar a kafar allura, a rataya zare, a ja. Ko makaho zai iya da shi, da lalube.

Sabuwa ta karɓi allura ɗaya daga hannuna ta nuna yadda ake yi, fuskarta kamar an kunna fitila. "Yaya, ki gaya mata yanzu ba sai ta jira kowa ba. Ko tsakar mako ne, da kanta za ta zura. Ba ta bukatar kowa."

Ban fassara ba. Babu bukata, abin yana hannunta. Kaka ta juya shi, ta shafa wayar da ɗan yatsa, ta ajiye a kan tebur a hankali.

"Me ta ce?" ta tambaye ni.

"Kyauta ce kawai, Kaka."

"Doguwa, shekara shida ba ki yi mini ƙarya ba sai a kan shayina. Me ta ce?"

Na gaya mata. Ta gyaɗa kai. Ta miƙo hannu ta ɗauke matashin allurai daga cinyata, da guda bakwai a jikinsa, ta sa a aljihun rigarta.

"Ki ce mata na gode. Tana da hankali. Gaskiya ta faɗa, matakalar nan da yawa, kuma ku mutane ne masu aiki. Na sallame ku."

Shayin ma bai huce ba muka tsinci kanmu a waje, muka ji sarƙa ta koma wurinta.

Na riƙe bakina har hawa na biyu. Daga nan na kasa.

"Ke wa ya aike ki? Wa ya tambaye ki? Macen da ta shekara hamsin da allura a hannu, ke ce za ki nuna mata abin zura zare? Kina tsammani ba ta san shi ba? Ni ban san hanyar kasuwa ba ne, shekara shida?"

"Yaya, na ga tana wahala ne..."

"Wahala! Allurai ne kawai dalilin da take da shi na buɗe ƙofa ba tare da ta ji kunya ba. Ke kuma kin zo da kwana goma a ƙasa kin naɗe dalilin a takarda mai kyau kin miƙa mata da hannu biyu. Sannu da ƙoƙari."

A nan na ba ta labarin banɗaki da ƙugu, wanda ya kamata in ba ta tun a filin jirgi. Ta tsaya riƙe da ƙarfen matakala. Ba ta kare kanta ba. Cewa kawai ta yi, "Me ya sa ba ki gaya mini ba?" A maimakon amsa, sai na ƙara yi mata faɗa har tashar bas.

Ranar Asabar na koma ni kaɗai. Kaka ta buɗe iyakar tsawon sarƙa.

"Lafiya?"

"Na zo in ƙarasa sauran sha ukun ne."

"An ƙarasa. Ina da na'ura yanzu." Ta rufe.

Litinin Fasto ya je da kansa, da kwat ɗinsa. Shi ko sarƙar ba a taɓa masa ba. Na roƙi mai gadi ya riƙa leƙa ta, ya ce zai yi, da irin muryar da mutum ke cewa zai yi. Na dawo gida na ci gaba da ɗaure kaya. Raina ya ɓaci da Sabuwa, ya ɓaci da tsohuwar da taurin kanta, ya fi ɓaci da ni. Kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Na riga na ga ƙasan banɗakin nan sau ɗaya.

Sabuwa ta daina murmushi, gidan ya yi wani iri. Koren littafin ma ya kwana biyu a kan tebur ba a buɗe ba. Ranar Laraba da rana ina naɗe zannuwan gado ta zo ta tsaya a kaina.

"Yaya, yaya ake cewa rigata ta lalace, ki taimake ni?"

Na gaya mata ba tare da na ɗaga kai ba. Ta maimaita. Na gyara mata. Ta yi ta maimaitawa tana wanke kwanuka har na ce ta rufa mini asiri ta yi shiru.

Alhamis da safe ta fito da wata leda a hannu ta ce za ta hawa na huɗu. Na ce Allah ya kiyaye hanya, ni na gama zubar da mutuncina a ƙofar nan. Ta fita. Na ji tana kokawa da makulli, ta manta gwiwa. Na ja tsaki na ɗauki rigar sanyina na bi ta, don in ta ɓata a bas ni za a tambaya.

A bakin ƙofar na tsaya mataki biyu a ƙasa da ita. Ta ƙwanƙwasa. Sarƙa ta miƙe, rabin fuskar Kaka ya bayyana. Sabuwa ta zaro abin da ke cikin leda, sai na ga shuɗiyar rigarta ce, wadda mahaifiyarta ta ɗinka mata don ranar da aka keɓe ta a majami'ar gida. Ita ce kawai rigar kirki da take da ita. Gaban rigar babu maɓalli ko ɗaya. Ta buɗe tafin hannunta, ga su nan guda biyar. Ta faɗi jimlarta, kuma daidai ta faɗa.

Kaka ta zuro hannu ta tsakanin ƙofa ta ja rigar. Ta bi gurbin maɓallan da ɗan yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

"Doguwa, na san kina nan, ina jin hakinki. Gaya wa ƙanwarki maɓalli ba ya tsinkewa biyar a jere. Wannan reza ce. Ku da kuke yawo kuna wa'azi, ko ƙaryar ma ba ku iya ba."

Na fassara, kalma da kalma, ban rage mata komai ba. Sabuwa ta sunkuyar da kai. "Ki ce mata haka ne, ni na yanke. Amma dai ga shi rigar ta lalace, kuma ban iya ɗinki ba."

Na faɗa. Ƙofar ta rufe, na ce a raina shi ke nan. Sai muka ji sarƙa tana zamewa.

"Yadi mai kyau irin wannan," in ji Kaka tana gaba muna binta, "a hannun marar hankali."

Na nufi kujerar taga kamar kullum. Kaka ta ce, "Ba ke ba. Ke ai tafiya za ki yi." Ta nuna wa Sabuwa kujerar, ni na zauna a kan akwatin tsummoki. Ta jawo gwangwanin zare ta buɗe tana laluben shuɗi. Daga inda nake ina hango cikinsa, Sabuwa ma tana gani. Kyautarta tana ciki, kusa da wasu irinta guda biyu da suka yi tsatsa. Kaka ta ture su gefe, ta ciro zare da allura ta miƙa wa Sabuwa.

"Zura."

Wannan ba ta bukaci fassara ba. Sai a karo na huɗu zaren ya shiga. Kaka ta ce ko ita da ba ta gani ta fi ta sauri. Ta karɓa ta ɗinka maɓallin wuya, ta zagaye gindinsa da zare, ta ƙulle, ta cije. Sai ta ninke rigar ta ɗora a kan keken ɗinki, ta zuba sauran huɗun a wani ɗan kofi.

"Idona ya gaji. Ɗaya a mako nake iyawa. Ta dawo Alhamis." Ta zaro matashin allurai daga aljihu ta jefa a cinyar Sabuwa. Babu ko ɗaya mai zare a jikinsa. "Tun da tana zaune, goma baƙi, shida fari. Ki gaya mata sauran."

Awa ɗaya da rabi Sabuwa ta yi a kan abin da nake gamawa a minti ashirin. Na sha shayi kofi biyu, mai ɗaci kamar kullum, na ce ya yi daɗi kamar kullum. Ba wanda ya yi maganar jirgin Asabar.

Da muka tashi tafiya, Sabuwa ta riga ni fita. Ina sa rigar sanyina Kaka ta tare ni a bakin ƙofa. Ta kama ƙirjin rigar tana lalube, kamar mai duba ɗinki. Ban ga lokacin da ta ɗauko almakashi ba, sai dai na ji ƙaras. Maɓallin sama ya faɗa tafin hannunta.

"Wannan ya yi lako-lako, a hanya zai faɗi," in ji ta. Ƙarya ce, ita da kanta ta ɗinka shi bara, ko da haƙori ba ya cirewa. Ta jefa shi cikin ɗan kofin, kan na Sabuwa. "In kin zo sai in mayar miki."

Ta san ba zan dawo ba, ni ma na sani. Na rasa yaren ƙasar na rasa namu. Da ƙyar na ce, "To, Kaka."

"To ki tafi mana, kina shigo mini da iska."

A kan matakala Sabuwa tana jirana, tana tsotsar ɗan yatsan da allura ta soka. Ta ga idona, ta ga wuyan rigata a buɗe, muka fara sauka. Sai da muka kai hawa na biyu na iya magana, na ce, "Maɓalli huɗu, mako huɗu ke nan. Bayan nan fa?"

"Ina da riguna uku, Yaya," in ji ta. "Da siket biyu. Akwai kuma kwat ɗin Fasto."

Ranar Asabar ita ta raka ni filin jirgi, kuma ba ta ɓata ba a hanyar komawa, ta rubuto mini. Shekara uku ke nan yanzu. Rigar sanyin tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, a nan gida ba a sanyin da za a sa ta. Ƙanwata ta gan ta kwanaki ta ce in kawo ta sa mata wani maɓallin, tana da irinsa. Na ce ta bar shi, akwai mai ɗinka mini.